Tsakanin Dutse da Kwari: Yanayin Ƙasa da Zaman Farko a Gundumar Mayo Bani

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda yanayin ƙasa ya tsara zaman jama'a a Mayo Bani, ɗaya daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa. Matsayarta ita ce, har zuwa farkon ƙarni na 20, neman tsaro ya fi albarkar gona tasiri wajen zaɓen inda za a kafa gida.

Shimfiɗar ƙasa

Mayo Bani na cikin filin da ke yamma da duwatsun Mandara, waɗanda iyakar Nijeriya da Kamaru ta ratsa. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun yana tattaruwa a kogin Yedzaram, wanda ya nufi arewa, wajen tafkin Chadi. Damina takan kama daga Mayu zuwa Oktoba. Da rani rafuka sukan ƙafe, amma danshin fadamu yana riƙe ciyawa, abin da ya daɗe yana janyo makiyaya. Manomi kuwa yana samun dawa, masara, gyaɗa da wake.

Zaman farko

Tsofaffin mazauna ƙasar Mubi da kewaye su ne al'ummomi irin su Fali, Gude, Nzanyi, Kamwe da Margi. Da yawansu kan dutse suka zauna, suna tokare gonaki hawa-hawa da duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Sukur ta ƙasar Madagali, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, shaida ce ta wannan fasaha. Me zai sa manomi ya bar fili mai laushi ya rungumi tsakuwa? Doki ne. A fili mahayi ke da rinjaye, kuma masarautar Mandara ta daɗe tana kai farmakin neman bayi a yankin. A kan dutse kuwa doki ba ya da amfani.

Fulani makiyaya sun shigo kwarin a ƙarni na 18, suna bin ruwa da ciyawa. Jihadin da Modibbo Adama ya jagoranta daga 1809 ya mai da zaman kiwo ya zama mulki, Mubi ta shiga ƙarƙashin masarautarsa ta Fombina. Da matafiyi Heinrich Barth ya ratsa ta Uba da Mubi a 1851, kan hanyarsa ta zuwa Yola, garuruwan fili suna hannun Fulani. Duk da haka, kuskure ne babba a fara tarihin gunduma irin Mayo Bani daga ranar da aka naɗa mata hakimi, domin hakan yana share ƙarnonin da mutanen dutse suka yi suna noma wannan ƙasa.

Saukowa fili

Jamusawa sun kama Mubi a 1903, Turawan Ingila suka karɓe ta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Farmaki bai tsaya nan take ba: littafin da Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya sa aka riƙa rubuta masa daga 1912 zuwa 1927 cike yake da labarin hare-haren kamun bayi. Sai da wannan ya lafa, jami'an mulkin mallaka kuma suka matsa wa jama'a su sauko don sauƙin karɓar haraji, sannan ƙauyukan fili suka cika da manoma, aka zauna unguwa-unguwa tare da Fulani da Hausawa 'yan kasuwa. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 yankin ya shiga Nijeriya a matsayin Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwatarsa.