Ruwa, Harshe da Son Zuciya: Tarihin Sulhu a Ƙasar Bakolori

Duk wanda ya bi Gulbin Sakkwato tun daga mafarinsa a wajajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, har ya gangaro ƙasar Maradun da Talatar Mafara da Bakura, lalle zai gane dalilin da ya sa mutanen wannan kwari suka shahara da noman fadama tun zamanin kakanni, domin a da kowace damina gulbi yakan cika ya batse, ya malala bisa gonaki, sa'an nan ya janye ya bar laka mai albarka wadda shinkafa da dawa ke so, in rani ya kama kuma a bi da albasa da dankali da rogo. Inda arziki ya taru kuwa, nan buƙatu ke cin karo da juna: manomi na son danshi, makiyayi na son mashaya da burtali, masunci na son tafki, kowannensu kuma yana ganin hakkinsa ya riga na ɗan'uwansa. Saboda haka, bayan noma, babu wata hikima da mutanen wannan ƙasa suka daɗe suna gado kamar hikimar raba gardama ba tare da an raba zumunta ba, wato sulhu.

Bisa al'adar da aka taras, in mutum biyu suka yi jayayya a kan iyakar gona, ko shanu suka yi ɓarna, ba a fara zuwa gaban alƙali, sai in magana ta gagara a zauren mai unguwa, ta gagara a wurin hakimi, kana ta isa ga Sarkin Mafara ko Sarkin Burmin Bakura ko Sarkin Kayan Maradun. Akan kira dattawan da suka ga ranar da aka dasa gamba ko aka bar tsamiya don ta zama alama, a kira Sarkin Noma, in da Fulani a ciki a kira arɗo, liman kuma ya buɗe zama da addu'a. Ba a barin masu husuma su jefi juna da magana tun zuciya na tafasa, kowa yakan fuskanci babba ya faɗi tasa, wanda ya ɗaga murya a ce masa, "Malam, Allah ya huci zuciyarka, bi a sannu." In gaskiya ta bayyana, ba a tozarta wanda hujja ta kayar, sai a nema masa ƙofar fita, a ce mantuwa ce ko kuskuren yara, shi kuma mai gaskiya a roƙe shi ya sassauta wani abu don Allah da hakkin maƙwabtaka, har a ji ya ce, "Na yafe duniya da lahira," a shafa fatiha, a raba goro.

Wannan al'ada tana da asali a cikin ilimi, domin malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa husuma tana da uwa biyu, son zuciya da sakin harshe. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumid Dini wanda malaman ƙasar Hausa suka riƙa tun da daɗewa, ya keɓe babi guda a kan cututtukan harshe, irin su giba da annamimanci da jayayya don neman rinjaye, ya kuma yi dogon bayani a kan kibri da ujubu. Amma tausasa harshe a wurinsu bai taɓa zama ɓoye gaskiya ba, shaidar haka kuwa ta auku a nan ƙasar Zamfara. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zagayen wa'azi, yana zaune a Faru, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla, wajen shekarar 1788, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Da ladabi ya yi magana, bai rage kome daga gaskiya ba, sarki kuma ya saurara ya amsa.

Abin lura, wannan darasi ba a ƙasarmu kaɗai aka san shi ba. Littattafan mabiya Budda, wanda ya rayu a arewacin ƙasar Hindu kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, sun ruwaito cewa ƙabilar Sakiya, dangin mahaifinsa, da ƙabilar Koliya, dangin mahaifiyarsa, sun haɗu sun datse kogin Rohini suna shayar da gonakinsu daga madatsa guda. Da ruwa ya ja baya a tsakiyar zafi, ma'aikatan gonakin ɓangarorin biyu suka fara musu, musu ya zama gori har aka taɓa asalin gidajen sarauta, gori ya zama gayyar yaƙi. Da Budda ya iso ya tambayi sarakunan mafarin rigimar, sai aka ga ba su sani ba, sai da aka yi ta gangarawa da tambaya har ga ma'aikata kafin a gano ruwa ne. Sa'an nan ya sa suka auna darajar ruwa da darajar jinin mutane, suka ji kunya suka ajiye makamai.

A karantarwarsa, abin da mutum ke kira "ni" ba wani abu ne tabbatacce mai dawwama ba, tarin jiki ne da ji da tunani masu sauyawa kullum, riƙo da "ni" da "nawa" kuwa shi ne tushen wahala da gaba. Musulmi ba ya tafiya tare da shi a wannan aƙida, tun da ya yi imani da ruhi da hisabi. Amma a fagen mu'amala an yi kusa, domin ya hana mabiyansa ƙarya da annamimanci da zafin harshe da zancen banza, ya kuma yarda a faɗi gaskiya mai amfani ko da ba ta da daɗin ji, muddin an zaɓar mata lokacinta.

To, a wannan kwari namu ma an datse gulbi, amma labarin bai ƙare kamar na Rohini ba. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi madatsa a nan Bakolori. Aka fara gini a 1974 a hannun kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, aka gama a 1978, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawon madatsar ya kai kilomita 5.5, tafkinta ya rufe kimanin hekta 8,000. Dubban mutane suka tashi daga garuruwan kakanninsu. A filin ban ruwa kuma motocin aiki suka baje gonaki, suka tuge ɗorawa da tsamiya da kuka, har iyakokin da dattawa ke shaida da su suka ɓace, manoma suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, diyya kuwa ta zo a makare, ga wasu ma ba ta zo ba. Mutanen da ke ƙasa da madatsa su ma ambaliyar da ke raya fadamarsu ta ragu, shinkafa ta ja baya. A 1978 ɗin nan kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta mai da filaye hannun gwamna.

Manoman ba da tawaye suka fara ba. Sun bi hanyar da suka sani, suka kai kuka ga hakimai da sarakuna, suka rubuta takardun koke. Sai dai wannan karon abokin husumar ba maƙwabci ba ne da za a kira zaure, hukuma ce da kamfani waɗanda sarakunan kansu ba su da iko a kansu. A watan Nuwamba 1979 Gwamnan Jihar Sakkwato, Shehu Kangiwa, ya yi musu alkawarin duba kukansu; da suka ga shiru, suka tare hanyoyi suka tsai da aiki. A ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sanda suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye, aka harbi mutane, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce kimanin mutum 25 suka rasu, wasu masu bincike kuwa suka ce sun haura 380.

Wanda ya yi nazarin wannan musiba da idon basira zai ga cewa ba magana mai daɗi aka rasa ba, domin an yi ta ce wa manoma su yi haƙuri. Abin da aka rasa shi ne sharaɗin da ke ba haƙuri ma'ana. A zauren hakimi, kafin a ce wa mutum ya yafe, sai an fara tabbatar masa da hakkinsa a gaban shaidu, mai ƙarfi kuma shi ake fara nema ya karya son zuciyarsa. A Bakolori an juya al'amarin: an nemi tawali'u daga raunana, masu iko kuma suka riƙe girman kansu, suna ganin sauraron talaka ƙasƙanci ne. Lallausan harshe in babu gaskiya da cika alkawari a bayansa yaudara ce, kuma da Shehu da Gazali da Budda duk sun haɗu a kan hana ta.

Tun 1996 wannan kwari yana cikin Jihar Zamfara, an kuma yi aikin gyaran hanyoyin ruwan Bakolori da tallafin Bankin Duniya, an danƙa wani ɓangare na rabon ruwa ga ƙungiyoyin manoma, alhali rigimar manoma da makiyaya ta girma ta zama fitinar da ta cinye rayuka masu yawa a jihar. Don haka muna kira ga mahukunta da sarakuna da malamai da shugabannin ƙungiyoyin nan, duk ranar da aka kawo musu kuka a kan ruwa ko gona ko burtali, su saurara tun yana ƙarami, su fara da bayar da hakki kafin neman haƙuri, kada kuma su ɗauki alkawarin da ba su da niyyar cikawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Bakolori, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.