Haƙƙin mai sayen mota a lokacin garanti

Haƙƙin mai sayen mota a lokacin garanti shi ne kariyar da doka ke bai wa wanda ya sayi mota, babur ko Keke Napep, sannan matsala ta ƙi ƙarewa duk da gyaran da dila ko kamfani ya yi. Garanti alƙawari ne na gyara ko sauya kayan da suka lalace kyauta, har zuwa wani wa'adi ko adadin kilomita.

Dokar Najeriya

Babbar dokar da ta shafi wannan batu ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, ya sanya wa hannu a 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC mai hedikwata a Abuja, wadda ta maye gurbin majalisar CPC da aka samar a ƙarƙashin dokar soja ta 1992.

Dokar ta ce dole kaya su kasance masu inganci, marasa aibi, kuma su yi aikin da aka saye su dominsa. Idan ba haka ba, mai saye na iya mayar da su cikin wata 3 da karɓa ba tare da tara ba, shi kuma mai sayarwa ya gyara, ko ya sauya, ko ya mayar da kuɗi. Wannan haƙƙi yana nan ko da babu takardar garanti. Idan an yi gardama, mai sayarwa ne zai kawo hujjar cewa kayan ba su da aibi.

Matakan neman haƙƙi

Ana fara kai koke ga dila a rubuce. Idan bai warware ba, sai a kai wa FCCPC, ko a shigar da ƙara kotu. Rasit, takardar garanti, lambar shasi da takardar kowane gyara su ne hujjar mai mota. Kai motar wurin bakaniken da kamfani bai amince da shi ba yakan sa kamfanin ya janye garantinsa.

A Shari'ar Musulunci

Jihar Katsina ta faɗaɗa aiki da Shari'a a 2000, kuma kotunanta na bin mazhabar Malikiyya. A fiƙihu akwai zaɓin aibi: wanda ya gano tsohon aibin da bai sani ba lokacin ciniki yana iya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Zaɓin kan faɗi idan ya ci gaba da amfani da kayan bayan ya gani, ta yadda za a ɗauka ya yarda.

Yanayin Daura

Yawancin motocin da ake saye a Daura da kewaye na hannu ne, waɗanda garantin kamfani ya riga ya ƙare. An daɗe ana shigo da irinsu daga Kwatano ta Jamhuriyar Nijar, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Da yake ana yawan ƙulla ciniki da baki ta hannun dillali, shaidu da rubutacciyar yarjejeniya su ne madogarar mai saye.

Wasu ƙasashe

A Amurka akwai dokar garanti ta Magnuson-Moss ta 1975, kuma jihar Connecticut ce ta fara yin doka ta musamman kan sababbin motocin da suka ƙi gyaruwa a 1982. Irin waɗannan dokoki kan wajabta sauya mota ko mayar da kuɗi bayan an gwada gyara sau da dama ba a dace ba.