Daga Alkaki Zuwa Kek: Tarihin Taruwar Mata A Kan Kayan Zaƙin Biki



A 'yan shekarun nan, a Gummi da Anka da Bukkuyum, mukan ga 'yan mata huɗu ko biyar sun haɗu a kan kek ɗin bikin ƙawarsu: wannan ta gasa, waccan ta shafe shi da kirim, wata ta zana furanni, mai kyawun rubutu ta sa sunan ango da amarya. Da yawanmu mun ɗauka yayi ne da waya ta kawo. Kek dai baƙo ne, amma taruwa a ƙawata abin zaƙi tsohuwar al'adarmu ce.

Mu fara da suna. Alkama da alkaki duk daga Larabci muka aro su, "al-ƙamh" da "al-ka'ak", alamar cewa ta hanyar fataucin Sahara suka iso ƙasar Hausa. Alkama na son sanyi da ban ruwa, sai a fadama lokacin hunturu, don haka ba ta yawa. Shi ya sa alkaki ya zama abincin fada da gidajen attajirai, talaka kuwa sai ran biki. Nakiya ta fi kusa da mu, tunda shinkafarta na fitowa a fadamun gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasar Anka da Gummi.

Wurin da waɗannan kaya suka fi taka rawa shi ne gara, wato kayan abincin da iyayen amarya ke kaiwa gidan ango. Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kwanaki kafin biki gwaggwanni da innoni da maƙwabta za su cika tsakar gida. Masu ƙarfi su kama turmi, su daka shinkafar nakiya da citta da kanumfari, ana lugude ana waƙa. Wata tsohuwa ke kula da kwaɓin alkaki da aka bari ya kwana, ita ta san lokacin da ya tashi. Masu laushin hannu su zauna a tabarma suna naɗa shi, a soya, a tsoma a zuma. Yarinya kuwa miƙo faifai ne aikinta, amma a nan take koyo. A ƙarshe a jera a ƙorai, a rufe da fayafai masu ado, domin dangin ango za su buɗe su gani, kuma da kyawun naɗi ake auna mutuncin gida. Wadda ta zo maki yau, ke ma za ki je mata gobe.

Bayan samun 'yancin kai kayan aiki suka canza. A 1962 injin fulawa na Apapa ya fara aiki, a 1964 kuma aka fara yin sukari a Bacita. Fulawa da sukari suka shigo kasuwanninmu, sukari ya ture zuma, kwalla da fanteka suka ture ƙwarya. Dubulan da cincin suka yawaita a gara. Dubulan ma ya ƙara buƙatar hannu, domin kowane ɗaya sai an murza, an yanka, an naɗe shi. Shi kuwa kek na aure mai farin ado, ya yi fice a Ingila da auren Sarauniya Victoria a 1840, ya iso mana ta hannun Turawan mulki da darasin girki a makarantun mata.

Abin da ke neman ɓacewa yanzu shi ne zaman. Gidaje da yawa sukan ba mai sana'a kuɗi ta yi kwalla kaza, shi ke nan. Matsalar tsaro kuma ta tarwatsa ƙauyuka, dangi sun rarrabu, wasu na gudun hijira a cikin Anka, biki ya koma na yini ɗaya. Tsofaffin da suka san waƙoƙin daka da sunayen naɗi suna ta tafiya.

Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, ya adana mana bukukuwan matan ƙasar Zazzau ne saboda an zauna da tsohuwa ɗaya an saurare ta. Mu kuma a labaranmu mukan rubuta "aka kai gara" mu wuce, alhali a tsakar gidan nan ake gulma, ake sulhu, ake yi wa amarya nasiha, ake gane wa ke da shi wa ke rufin asiri.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya samu kakarsa ko gwaggonsa, ya tambaye ta wa ya yi mata gara, mata nawa suka taru, kwana nawa aka yi, me aka rera a bakin turmi. Ku rubuta da karin harshenta na Zamfarci, kada ku gyara mata. Wanda ke da ƙanwa mai kek, ya zauna da su ran aiki ya rubuta nasu zaman, mu jera biyun mu gani.

Allah Ya ƙara basira. Sai mako mai zuwa.