Waiwaye Kan Amfani da Na'ura Wajen Koya wa Ƙananan Yara Kiɗa

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a nan ita ce mu bi diddigin yadda na'ura ta shiga ajin kiɗa na ƙananan yara, domin masu tsara manhaja su san abin da ya kamata su ɗauka da wanda za su bari.

2.0 Daga Rediyo Zuwa Kwamfuta

Tun kafin kwamfuta, rediyo ne ya fara wannan aiki. A shekarar 1934 gidan rediyon BBC na Ingila ya soma wani shiri na makarantu wanda Ann Driver ta gabatar, inda yara kan yi tafi da tsalle bisa umarnin muryar da suke ji. Sai dai rediyo ba ya jin yaro, saboda haka malamin aji ne ke gyara kuskure.

A shekarun 1970 ne al'amarin ya sauya. A jami'ar MIT ta Amurka, Jeanne Bamberger ta yi amfani da harshen kwamfuta na Logo ta yanyanka karin waƙa gunduwa-gunduwa. Yaro kan jera gutsattsarin yadda ya ga dama, ya saurara, sannan ya sāke jeri har sai kunnensa ya gamsu. Wato a nan yaro ne mai hukunci, na'ura kuwa amsa masa kawai take yi.

Bayan fitowar tsarin MIDI a 1983, wanda ya ba kwamfuta damar sarrafa kayan kiɗa na lantarki, sai hanya ta ƙara buɗewa. A 1995 Morton Subotnick ya fitar da faifan Making Music, inda yaro kan yi zane da linzamin kwamfuta ya ji zanensa ya zama kiɗa. Zuwan iPad a 2010 ya sa yatsa kaɗai ya wadatar.

3.0 Darasi Ga Manhajarmu

A 2007 hukumar NERDC ta haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi guda a manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9. Wannan ya rage wa kiɗa lokaci, don haka dole a yi hattara da abin da za a cika shi da shi.

Abin lura shi ne, an gina MIDI bisa matakan sauti 12 irin na fiyano, kuma galibin kayan koyon yara sun bi sawu. Kalangu kuwa, makaɗi kan matse igiyoyinsa a hammata ya ɗaga amo ko ya saukar, yana kwaikwayon karin sautin Hausa. Yaron da na'ura kaɗai ta horar da kunnensa zai iya ɗaukar wannan lanƙwasa a matsayin kuskure.

4.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce a zaɓi na'urar da ke barin yaro ya ƙirƙira, a ɗora mata muryoyin kalangu da gurmi da sarewa, a kuma horar da malami kafin a sayi kaya.