Star Trek: fim ɗin da wasiƙun ƴan kallo suka ceto

Star Trek fim ne mai dogon zango na ƙasar Amurka, irin na ƙagaggen labarin kimiyya. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro shi, tashar NBC ta fara nuna shi ran 8 ga Satumba 1966. Labarin wani jirgi ne mai suna Enterprise da ke yawo tsakanin taurari, baƙar fata da farar fata suna aiki tare a cikinsa.

Abin da ya sa muke tuna shi, ƴan kallonsa ne. A ƙarshen 1967 aka fara raɗe-raɗin za a dakatar da shi don masu kallo sun yi kaɗan. Sai wata mata, Bjo Trimble, da mijinta John suka shiga kiran masoya su rubuta wa tashar. Lokacin ba salula, ba intanet, sai takarda da biro. Dubban wasiƙu suka yi ta zuwa, ɗalibai ma suka yi tattaki har ƙofar tashar. A watan Maris 1968 NBC ta sanar da cewa fim zai ci gaba.

Amma fa an rage masa kuɗin aiki, aka mayar da shi ƙarfe 10 na daren Juma'a, a 1969 aka rufe shi bayan kashi 79. Sai dai zangon nan na uku da masoya suka ƙwato shi ya ba ƙananan tashoshi isasshen abin maimaitawa kullum, nan ne fim ɗin ya yi suna. A 1976 masoyan suka rubuta wa shugaba Gerald Ford, aka raɗa wa kumbon gwaji na NASA suna Enterprise.