Ƙofofin Zuciya Da Babu Wanda Ya Taɓa Gani

'Yan uwa marubuta, wannan makon tarihin likitanci za mu leƙa.

Jalinus, likita Bagirke na ƙarni na 2, ya ce jini yana ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani. Likitoci suka yi kusan shekara 1000 suna maimaita wannan magana, har da Ibn Sina. Hujjarsu? Jalinus ne ya faɗa.

A wajen 1242, Ibn Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa, ya yi sharhi kan littafin Alƙanun na Ibn Sina. Ya ce bangon tsakiyar zuciya kauri gare shi, babu ƙofa. Jini ta huhu yake bi, ya gauraya da iska, sannan ya isa hagu. Bai zagi magabata ba, bai watsar da littattafansu ba. Kuskure ya nuna, ya kawo dalili.

Mu ma kafin mu rubuta "masana sun ce", mu tambayi kanmu: wane masani, kuma da wace hujja? Girman malami yana wajabta mana saurarensa, amma ba ya mayar da kuskurensa daidai.