Bindiga Biyu ko Huɗu? Gardamar Mazan Jiya kan Jirgin Japan

Ina yaro a Sabon Garin Minna, akwai wasu dattawa biyu, dukkansu tsofaffin sojan Bama, waɗanda ba su cika zama ba su yi musu a kan jirgin yaƙin Japan ba. Ɗaya ya ce sunansa Ziro, bindigoginsa huɗu. Ɗayan kuwa ya rantse bakin wuta biyu kaɗai ya gani, kuma duka a hancin jirgin. Mu yara mun fi gaskata mai huɗu, domin ya fi iya ba da labari.

Tarihi bai bi bayansa ba. Ziro, ƙirar Mitsubishi, na rundunar ruwa ne, kuma gaskiya ne yana ɗauke da mashinga biyu masu faɗin baki milimita 7.7 da manyan bindigogi biyu na milimita 20 a fukafukai. Amma sararin Bama a hannun sojan ƙasa yake, jirginsu kuwa shi ne Nakajima Ki-43, wanda suka laƙaba wa suna Hayabusa, wato shaho. Kamanninsa da Ziro ta rikita har matuƙan Ingila, balle wanda ke kwance cikin rami a kwarin Kaladan a 1944.

Bindigogin Hayabusa biyu ne rak, suna harbi ta tsakanin ruwan farfela, abin da ya rage musu saurin aman wuta. A nan ne masana ke tasu gardamar: ƙirar farko ta fito ne da ƙananan biyu, ko manya biyu na milimita 12.7, ko ɗaya babba ɗaya ƙarama? An sami kowanne, sai dai ƙira ta biyu ta tsaya a kan manya biyu. Kwatanta wannan da Hurricane na Ingila, wanda wani nau'insa ke da mashinga 12!

Ba rashin dabara ba ne. Japanawa sun zaɓi rashin nauyi da saurin juyawa, suka sadaukar da ƙarfin wuta. Ni dai a ganina cinikin ya ci su, kuma mutanenmu na cikin waɗanda suka ci riba. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma daga sama ake jefa mata abinci da harsashi, cikin jiragen Dakota marasa makami. Da shahon na da farcen da ya isa, kuma da Spitfire bai iso fagen ba a ƙarshen 1943, da tsare wannan hanya ya yi wuya ƙwarai, da kuma ba lalle ne su kai Myohaung a Janairun 1945 ba.

Mai bindiga biyu ya riga abokinsa rasuwa. Mai huɗu ya zo zaman makoki, ya ci gaba da ba da labarin Ziro, babu mai katse shi.